Ni Na Ce Ya Taho

Akwai maganar da na daɗe ina haɗiyewa. Ko maigidana ban taɓa zaunar da shi mun yi ta ba, alhali na san shi ma tana cin sa. Yau zan faɗe ta ko ƙirjina ya yi sauƙi. Ba zan kama sunan kowa ba. Waɗanda suka san gidanmu za su gane, waɗanda ba su sani ba kuma suna ba zai ƙara musu kome ba.

A Damagaram aka haife ni, a nan aka yi mini aure, a wani tsohon gidan ƙasa cikin lungunan Birni. Ɗaki huɗu ne da zaure, kuma a shekarar 2020 mu goma sha shida ke kwana a ciki: Baba da Inna, iyayen maigida ke nan, sai ni da yarana, sai ƙanen maigida da matarsa da nasu yaran, da wata gwaggo da ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. Baba ne ladanin masallacin lungunmu tun kafin a kawo ni gidan. Yana fama da ciwon sukari, amma muryarsa ba ta san da zancen ba. Abu biyu ba ya rabuwa da su: carbi, da wani ɗan rediyo da aka ɗaure murfin batirinsa da roba. BBC, RFI, Muryar Jamus, Muryar Amurka, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana yi musu gyara kamar suna jin sa. Duk abin da zan faɗa na ƙasashen waje daga wannan rediyon na tsince shi, ina tankaɗe ko ina wanke-wanke.

Sana'ata ɗanwake da awara, a ƙofar wata lakwal, wato makarantar boko, ta ƙananan yara. Da an fito shan iska sai su yanyame ni, wannan da dala biyar, wancan da dala goma. Ranar da kasuwa ta yi kyau nakan tashi da ribar jika guda, wato sefa dubu, ita ce kuma cefanen gobe. Maigida direba ne, hanyar Kano yake bi: Matamai, Ɗan Barto, ya tsallaka Kwangwalam, ya bi ta Daura da Kazaure. Wanda ba ɗan nan ba da wuya ya gane matsayin Kano a wurinmu. Yamai ce babban birninmu, amma tana can kusan kilomita 900, Kano kuwa ba ta wuce 250 ba. Can ne kasuwarmu, can ne makarantar allon yaranmu, can samarinmu ke cin rani. A watan Agusta na 2019 Buhari ya rufe iyakar Najeriya saboda shinkafar da ake shigarwa ta bayan fage. Mai motar ya jingine ta, maigida ya yi wata uku yana ƙirga azarar ɗaki. Daga nan ya tsallaka Kano ya karɓi adaidaita sahun wani yana ja, yana aiko mana da abin da ya samu ta hannun ƴan kasuwa. Babban yarona ma yana can a tsangaya, shekararsa goma sha biyu.

Da aka fara labarin korona a watan Janairu, wai an rufe wani birni na Sin mai suna Wuhan, dariya Baba ya yi. Sin ina, Damagaram ina. Dariyar ta ɗauke ne ranar da ƙanen maigida ya nuna masa hoton Ka'aba a salula, fili fetal ba mai ɗawafi, bayan Saudiyya ta dakatar da umara. Ya daɗe yana kallo, ya miƙa salular bai ce uffan ba.

Ranar 17 ga Maris shugaba Mahamadou Issoufou ya yi jawabi. A lokacin ko mutum ɗaya ba a samu da cutar a Nijar ba, sai ranar 19 aka tabbatar da na farko a Yamai. Aka rufe filin jirgin Yamai da namu na Damagaram ga jiragen fasinja na waje, aka rufe iyakokin ƙasa, aka rufe makarantu, aka hana taron da ya wuce mutum 50. Masallatai da majami'u ma aka sa musu kwaɗo. Ranar 27 ga wata aka kafa dokar ta-ɓaci ta lafiya, aka ce za a killace Yamai ba shiga ba fita, ga dokar hana fitar dare daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe. Aka yafe wa fursunoni 1,540 don rage cunkoso, har da madugun adawa na lokacin, Hama Amadou, aka kuma ce gwamnati ta ɗauke wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin ruwa da na wuta na Afrilu da Mayu.

Gaskiya ɗaya ce, mu ba a kulle mu cikin ɗaki ba kamar mutanen Legas da Abuja. Kasuwar Dole na ci ranar Alhamis, ƴan kabu-kabu na yawo, samari na dafa shayi a fada. Abu uku aka rufe mana: lakwal, iyaka, masallaci. To su ne duwatsun murhun gidanmu. Na farko nawa ne, na biyu na maigida, na uku na Baba. A mako guda aka zare su duka, tukunya kuwa tana kai.

Na gwada zama da ɗanwaken a bakin titi. Wa zai saya? Uwar da ke ba yaro dala goma ya tafi lakwal, yanzu yaron na gabanta, abin da aka dafa shi zai ci. Kwana huɗu ina dawowa da shi muna cinyewa, muka cinye riba muka cinye uwar kuɗi. Adashen da nake zubi ya watse, don duk irina ne a ciki. Na sayar da akuyata mai ciki, sannan na fara zare kwanonin jerena ɗaya ɗaya, ina aika yarinya da su da magariba don kada a gani.

Rediyo kuma na ta shela: a wanke hannu da sabulu a kai a kai. Ni kuwa sai in dubi randa. Duk wanda ya yi bazara a Damagaram ya san darajar ruwa a watan Afrilu. Famfon unguwa yakan yi kwanaki bai ɗiga ba, in ya zo kuma tsakar dare yake zuwa, mata da yara mu jera jarkoki, bido muke ce musu, kafaɗa da kafaɗa ana turereniya. Tazarar mita ɗaya da ake faɗa, wanda ya bar ta a wannan layin ya bar wa wani gurbinsa. Kuɗin ruwan da aka yafe, masu famfo a tsakar gida aka yafe wa. Mu da ke saye a hannun ƴan ga-ruwa, bido bai ragu da ko dala ba.

Abin da ya fi tayar da hankalin gari shi ne masallaci. Maganar da ke bakin kowa ita ce: kasuwa a buɗe, ɗakin Allah a rufe? Cikin Maris ɗin nan aka yi tarzoma a Mirriya, nan kusa da mu, samari suka yi ƙone-ƙone saboda hana jam'i, gab da azumi kuma Yamai ta ɗauka. A lungunmu wasu suka koma yin jam'i a zaure, su ajiye yaro a bakin lungu yana gadi. Sun zo wurin Baba ya ba su makulli, ya hana. Ya ce Sayyadina Umar ma ya juya daga hanyar Sham da ya ji annoba ta faɗa can, kuma ba wanda ya fi shi tawakkali a cikinsu. Sai ya je shi kaɗai ya yi kiran salla, ya ƙara da cewa a yi salla a gida, ya ja ƙofa ya kulle, ya dawo ya ja mu salla a tsakar gida. Akwai waɗanda suka daina gaishe shi, wai an saye shi. Da sun leƙa tukunyarmu da sun san ba a biya ba.

Da dare sai rediyo ya kai mu yawon duniya. Indiya, inda aka ba mutum sama da biliyan guda sa'a huɗu kacal kafin a kulle ƙasar kwana 21, ƴan ci-rani suka kama hanyar ƙauyukansu a ƙasa da yara a kafaɗa. Afirka ta Kudu, inda aka fito da soja, aka hana sayar da giya da taba. Najeriya, inda hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar ta ce a mako biyun farko jami'an tsaro sun kashe mutum 18 wajen tilasta dokar, fiye da waɗanda cutar ta kashe a lokacin. Ghana ta kulle Akra da Kumasi, bayan mako uku ta buɗe. A Malawi kotu ce ta tsayar da kullen, don ba a tanadi abin da talaka zai ci ba. Shugaban Benin, Patrice Talon, tun farko ya fito fili ya ce ƙasarsa ba ta da ƙarfin zaunar da mutane a gida. Baba ya ce wannan ya faɗi gaskiya ko ba a so. Abin da na fahimta, ni da ban wuce aji uku a kwaleji ba, dabarar daga Sin da Turai aka aro ta, inda mutum ke da firji da albashi, wasu gwamnatocin ma suna biyan wanda ya zauna gida. Amfaninta a rage gudun cutar, kada marasa lafiya su taru wa asibiti lokaci guda. Ƙasar da ba ta da isassun gadaje da iskar numfashi ta fi kowa bukatar haka, ita ce kuma ta fi kowa kasa ɗauka. Zanen aro ne, mun ja shi sama ƙasa ta buɗe.

Ranar 16 ga Afrilu aka kulle Kano, kulle na gaske, ko ƙofar gida ba a so a gan ka. Adaidaita ta tsaya. Maigida yana kwana a wani shago da ƴan ci-rani shida, duk ƴan ƙasarmu, ba mai murhu a cikinsu, wurin masu abinci suke ci, masu abincin kuma an kore su daga titi. Sai ga azumi. Ya ce mini akwai ranar da ruwa da ƙuli-ƙuli suka sha ruwa da su, sahur kuma niyya kawai. Sannan mutuwa ta fara. Tsofaffi, malamai, manyan gari, kullum sai ya ce yau an wuce da gawa kaza ta layinsu. Masu haƙar kabari suna cewa ba su taɓa ganin irinta ba. Ranar 27 ga wata Buhari ya ƙara wa Kano mako biyu. A daidai lokacin ne gwamnonin Arewa suka fara kwashe almajirai cikin motoci ana mayar da su garuruwansu. Malamin yarona ya sallame su, maigida ya je ya ɗauko shi, suka zama su takwas a shagon.

Baba ya yi magana da shi a waya, ina jin su. Ya ce: “Ka zauna inda kake. Annabi ya hana wanda annoba ta faɗa gari yana ciki ya fita, ya hana na waje ya shiga. Ka yi haƙuri, Allah bai manta da ku ba.” Maigida ya ce to, Baba. Aka ba yaron wayar, aka miƙo mini. Ɗan fari ne, ba a nuna masa so a gaban surukai, sai kawai na tambaye shi ko ya ci abinci. Ya ce ya ci, da irin muryar da uwa kaɗai ke ganewa.

Daren nan ban runtsa ba. Salulata ba kuɗi a ciki. Da safe Inna ta kira ni ɗakinta, ta kwance bakin zanenta ta ba ni dala ɗari, ta ce in sayo sabulu tunda an ce a yawaita wanke hannu. Ban sayi sabulu ba. Kati na saya, na laɓe a madafa na kira shi. Na ce: “Baban yara, ka ɗauko mini yarona ku taho. In mutuwa ce mu mutu wuri ɗaya.” Ya ce: “Baba fa?” Na ce: “Baba ba zai kore ka ba in ya gan ka.”

Kwana uku suka yi a hanyar da ake ci cikin yini guda. Najeriya ta hana tafiya daga jiha zuwa jiha, amma motocin abinci na wucewa, sai suka hau saman buhuna aka lulluɓe su da tamfol. Kowane shinge direba ya sauka ya yi gaisuwa, a ɗaga sanda. Kusa da iyaka suka sauka, ƴan babur suka bi da su ta cikin gonaki da dare ba fitila. Ya ce hanyar cike take kamar ranar kasuwa: almajirai, mata masu aikatau, ƴan ci-rani da buhunansu a kai. A bakin iyakar hukuma akwai ma'aikatan lafiya da na'urar auna zafin jiki, waɗanda hukuma ta kwaso da kanta kuma ana killace su kwana 14. Wannan ƙofar ce aka rufe wa irinsu. Ta dajin ba ta da ƙyaure, ba ta da mai awo. Har yau nakan ce a raina, da an ce kowa ya biyo ta ƙofa a duba shi a ciyar da shi kwana 14, da ta nan maigida zai bi, ko don abincin.

Sun iso ana sahur, farkon Mayu. Baba ya daɗe yana dubansa, ya ce: “Ka zo?” Ya ce: “Na zo, Baba.” Ya ce: “To, sannu da hanya.” Bai ƙara ba, bai kuma tambayi wanda ya sa shi ba. Yaron lafiyarsa lau sai rama. Uban ne ke ɗan tari, jikinsa da ɗumi, ya ce ƙurar hanya ce. Da na dama masa fura na zuba citta da kanumfari, ya ce ba ya jin ɗanɗanon kome. Na ce wahala ce.

Mun san lambar da ake kira, 15, har yara sun haddace ta. Ba mu kira ba. Mun ga yadda ta kasance da wani gida a wata unguwa: mota ta zo da mutane cikin fararen kaya ko fuskarsu ba a gani, washegari ko gishiri ba mai zuwa aro a gidan, yaransu ana ce musu ƴan korona. Ana kuma ta faɗa cewa wanda ya mutu a hannunsu ba a ba dangi gawar su yi mata wanka. Ga laifin tsallaka iyaka a kan wannan. Baba ya ce a ware shi a gida. A ina? Ɗaki huɗu, yanzu mu goma sha takwas. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, zauren da kowa ke bi in zai fita ko zai shigo, buta ɗaya, makewayi ɗaya. Kwana biyu ana miƙa masa abinci daga nesa. A na uku, da aka kira magariba, Baba ya ɗauki kwanonsa ya nufi zauren. Na yi ƙarfin hali na durƙusa na ce: “Baba, ku yi haƙuri, an ce sai kwana goma sha huɗu.” Ya ce: “Ƴata, wata shida ba mu sa hannu a kwano ɗaya da shi ba. Ina kika taɓa ganin an bar mutum ya sha ruwa shi kaɗai a gidan ubansa kamar marar gata?” Shi da ya kulle masallaci da hannunsa.

A makon nan aka sanar cewa korona ce ta kashe ministan ƙwadago, Mohamed Ben Omar, ɗan jiharmu, wanda ya rasu ranar 3 ga Mayu. Kafin shi ta kashe Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar Buhari, a Najeriya. Maimakon mu tsorata sai muka ƙara samun hujja: cutar manya ce, ta masu hawa jirgi da kwana cikin sanyin na'ura, zafin Damagaram zai ƙone ta.

Ranar 13 ga Mayu aka buɗe masallatai, da sharaɗin wanke hannu da takunkumi da barin tazara. Ban taɓa ganin Baba cikin farin ciki irin na ranar ba. Da kansa ya share masallacin, ya sa aka ajiye bokiti da sabulu a ƙofa, ya yi kiran azahar da har makwabta suka leƙo. Maigida ya warware sarai, yana sahun gaba. Kwana uku Baba ya yi yana kira. A na huɗu da asuba muka ji muryar wani.

Zazzaɓi ne da farko. Aka sayo maganin zazzaɓin sauro a kanti, duk da ba lokacin sauro ba ne. Aka yi jiƙo, aka yi rubutu. Sai numfashi. Yana jan sa kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi. Ƙanen maigida ya ce a kai shi likita, Baba ya ɗaga hannu ya ce a'a, a bar shi inda za a yi masa wanka a sallace shi. Ya cika saura kwana biyu Sallah, da hantsi, kansa a cinyar maigida. Ba a yi masa awo ba. Muka ce wa mutane sukarinsa ne ya tashi, kowa ya ce Allah ya jiƙansa, ya dace da goman ƙarshe. Jana'izarsa ta ninka hamsin ɗin da doka ta yanka ban san sau nawa ba, har waɗanda suka daina gaishe shi sun zo. Aka yi musabaha, aka yi zaman makoki kwana uku a zauren nan.

Ranar 1 ga Yuni aka koma lakwal, na ranto jari na koma ƙofa. Cikin watan ne muna tsakar gida rediyon Baba na magana, don Inna ta hana a kashe shi a lokutan da ya saba, aka ce ministan lafiyar Najeriya ya bayyana sakamakon binciken mace-macen Kano: kusan mutum dubu, rabi ko fiye kuma ana ganin korona ce. Maigida yana cin tuwo. Ya tsame hannu, ya wanke, ya fita. Bai dawo ba sai bayan isha'i. Ban ce kome ba, shi ma bai ce ba, haka muke har yau.

Ana yawan ce mini ai korona ba ta yi kome a Nijar ba. A lissafin hukuma waɗanda suka kamu ba su kai 10,000 ba, waɗanda suka mutu 300 da ƴan kai, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 20, wadda kusan rabinta yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Wasu su ce rufewar da wuri ce ta taimaka, wasu su ce wahalar banza aka ba mu. Ni ba na shiga gardamar. Dokar ta cinye mini akuya da jari, ta sa ɗana kwana da yunwa, ba wanda zai gaya mini wannan. Abin da nakan ce musu kawai, Baba ba ya cikin ɗari ukun nan.

A watan Disamba Najeriya ta buɗe Maigatari da wasu iyakoki, a watan ne kuma aka yi yaƙin neman zaɓe a nan, filaye cike maƙil, ba mai tuna zancen mutum 50. Iyakokinmu na ƙasa sai Yunin 2021 aka buɗe su. Maigida ya koma tuƙi, amma ya ƙi mayar da yaron Kano. A nan yake karatu.

Da allurar rigakafi ta iso a 2021, kusan duk unguwarmu sun ƙi, wai ta hana haihuwa ce. Inna ce ta ce in raka ta. Muna zaune kan benci muna jiran layi, carbin Baba a hannunta, sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba: “Sabulun nan da na aike ki, ya yi kumfa kuwa?”

Jikina ya yi sanyi. Na ce: “Inna...”

Ta ce: “Sabulu sanda biyu gare ni a ƙarƙashin gado ranar. Ni ba zan iya tsallake maganar Malam ba, shekara hamsin ban taɓa ba. Ke kuwa na san za ki iya.”

Sai ma'aikaciyar ta leƙo ta ce mai bi. Inna ta miƙo mini carbin ta ce in riƙe mata, ta naɗe hannun rigarta, ta shiga.